Gidan da ya raini Tiger Woods: tambayoyi da amsoshi kan Earl da Kultida

Mai bin labarin wasanni, ko bai san kan golf ba, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: saurayi sanye da jar riga ya kifa kai a kafaɗar wani dattijo, idanunsa a rufe, jama'a na ta tafi a bayansu. A Augusta ta jihar Jojiya aka ɗauke shi ranar 13 ga Afrilun 1997. Saurayin Tiger Woods ne, zakaran golf ɗan Amurka, dattijon kuma mahaifinsa Earl. Akwai wata mace a gefe tana jiran ya sake uban ya zo gare ta, mahaifiyarsa Kultida ke nan, amma nata hoton bai zaga duniya kamar na mijin ba. Haka ma labarin gidan ya daɗe yana tafiya a bakin mutane. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan iyayen nan biyu.

Wane ne Earl Woods kafin duniya ta san ɗansa?

An haife shi a 1932 a wani ƙaramin gari mai suna Manhattan a jihar Kansas (kada a haɗa shi da Manhattan ta birnin New York). Shi ne autan gidansu, kuma kafin ya cika shekara 16 ya rasa uba da uwa, yayarsa ce ta ƙarasa riƙonsa. Ya shiga Jami'ar Jihar Kansas, inda ya yi wasan besbol. A 1951 shi ne baƙar fata na farko da ya buga wannan wasa a rukunin jami'o'in yankin, a zamanin da idan ƙungiya ta yi tafiya akan hana shi kwana a otal ɗaya da abokan wasansa. Ya gama a 1953 ya shiga soja. Shekara 20 ya yi cikin kaki, ya je yaƙin Biyetnam sau biyu, na biyun tare da dakaru na musamman masu koren hula, ya yi ritaya a 1974 da muƙamin Laftanar Kanal. Daga nan ya kama aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na McDonnell Douglas a Kalifoniya.

Maraici, wariya da yaƙi: da waɗannan uku ya shigo gidan da aka haifi Tiger, kuma kowanne ya bar tabo a irin tarbiyyar da ya ba yaron.

Ita kuma Kultida fa?

'Yar ƙasar Tailan ce, daga lardin Kanchanaburi, an haife ta a 1944. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, ta yi shekaru a makarantar kwana. Tana aikin sakatariya a ofishin sojan Amurka a Bankok Earl ya gan ta. Earl ya sha ba da labarin ranar da suka fara sa lokacin fita: ya faɗi ƙarfe kaza yana nufin dare, ita kuwa ta ɗauka safiya ce, domin a yadda aka raine ta budurwa ba ta fita da dare. Kowa ya yi ta jiran ɗan'uwansa a lokaci daban. Da suka haɗu daga baya, wurin ibadarsu na addinin Buddha ta kai shi. Sun yi aure a New York a 1969, suka koma garin Cypress a kudancin Kalifoniya, aka haifa musu ɗa ranar 30 ga Disamban 1975. Shi kaɗai ta haifa. Mutanen gida da 'yan jarida Tida suke kiranta.

Tiger ne sunansa na yanka?

A'a. Sunansa Eldrick Tont Woods. Uwar ce ta ƙirƙiri Eldrick: ya fara da harafin farko na sunan Earl, ya ƙare da harafin farko na Kultida, wato yaron yana tsakanin iyayensa biyu. Tiger laƙabi ne da uban ya ba shi, takwaran wani amininsa, Kanal Vuong Dang Phong na sojan Biyetnam ta Kudu, wanda Earl ke wa kirari da Tiger, wato damisa, saboda jarumtarsa a fagen daga. Bayan yaƙi labarinsa ya ɓace. Earl ya ce ya yi fatan idan ɗansa ya yi suna, amininsa zai ji ya nemo shi. Sai a 1997 wani ɗan jaridar golf ya bi sawu har Biyetnam, ya gano Phong ya mutu a sansanin da gwamnatin kwaminisanci ta tsare shi tun 1976, Tiger bai ko shekara ɗaya ba.

Abin dariya, Earl ɗin da ya raɗa laƙabin sau da yawa Sam yake kiran ɗan nasa. Shi ya sa da Tiger ya samu 'yarsa ta fari a 2007 ya sa mata Sam.

Gaskiya ne tun yana goye ya fara golf?

A nan dole a raba abin da kyamara ta ɗauka da abin da uba ya faɗa. Earl ya ce yakan ɗora yaron a kujerar jarirai mai tsawo a gareji, shi yana buga ƙwallaye cikin raga, yaron na kallo, uwar na ba shi abinci a baki tsakanin bugu da bugu. Wata rana, kafin ya cika shekara, sai ya sauko ya ɗauki wata guntuwar sanda da aka yanke masa ya kwaikwayi bugun. Wannan daga bakin Earl ne, shi kuwa mutum ne mai son gishiri a labari.

Abin da babu gardama shi ne a 1978, yana da shekara biyu, an nuna shi a shirin talabijin na Mike Douglas yana buga ƙwallo a gaban ɗan wasan barkwanci Bob Hope. Yana shekara uku ya zaga rami tara da bugu 48. Ga wanda bai saba da wasan ba, a golf (wasu kan ce ƙwallon lambu) mai ƙarancin bugu shi ke cin nasara, kuma manya da yawa masu wasan ƙarshen mako ba sa yin abin da ya fi haka. Yana shekara takwas ya ci gasar yara ta duniya, wadda ya ci sau shida gaba ɗaya. Yana 11 ya fara doke ubansa, bugu 71 da 72.

Earl gwanin golf ne da ma can?

Bai taɓa riƙe sanda ba sai da ya kai shekara 42, dab da zai bar soja, a wani fili a Brooklyn. Wasan ya shiga ransa sosai har ya iya daidai gwargwado, amma bai kai ƙwararre ba. Abin da za a yaba masa shi ne ya san iyakarsa. Tun yaron na shekara huɗu aka damƙa shi hannun koci Rudy Duran, yana goma ya koma wurin John Anselmo, a 1993 kuma aka kai shi ga Butch Harmon, wanda ya horar da shahararren ɗan golf Greg Norman. Har likitan halayyar ɗan Adam na rundunar sojan ruwa, Jay Brunza, Earl ya nemo wa yaron yana ɗan shekara 13. Uba da yawa a matsayinsa da sun ce ba wanda zai taɓa musu ɗa. Shi ya riƙe ɓangaren zuciya da tunani, ya bar wa masana gyaran hannu.

Mece ce gaskiyar zancen horon soja?

Ya faru, kuma Tiger da bakinsa ya tabbatar. Idan yaron ya ɗaga sanda zai buga, sai uban ya yi tari, ko ya kaɗa sulallan aljihunsa, ko ya yar da jakar sanduna ƙasa, ko ya gangaro da ƙwallo ta gabansa. A golf ana tsit lokacin bugu, don haka ƙaramin motsi ya isa ya ɓata komai. Bai tsaya nan ba, har da zagi, har da irin kalmomin cin mutuncin da farar fata ke jifan baƙi da su, wai don ranar da ya ji su daga bakin wani kada su girgiza shi. Sun yi yarjejeniya a kan kalma guda, wadda ma'anarta ita ce "ya isa": duk sa'ad da yaron ya furta ta za a daina. Tiger ya ce bai taɓa furtawa ba.

Masu yabon Earl suna nuna sakamakon, domin a zamaninsa babu wanda ya kai Tiger sanyin jini a ramin ƙarshe. Ni dai ina ganin akwai abin dubawa a yaron da aka ba ƙofar fita ya ƙi bi don kada ya ba ubansa kunya. Wanda ya taso bai iya cewa ya isa ba, ba a fili kaɗai halin zai bi shi ba. Ya buga gasar US Open ta 2008 da tsagewar ƙashi a ƙafa da tsinkakkiyar jijiya a gwiwa, ya kuma ci. Jikinsa ya biya wannan bashi da tiyata bayan tiyata.

To ina aikin uwar a duk wannan?

Nan ne labarin da aka saba ji ya yi rowa. Earl yana zuwa aiki har 1988. Wa ke tashi da asuba ya kai yaro gasa a garuruwan kudancin Kalifoniya, ya bi shi rami bayan rami a ƙafa yana rubuta maki, ya dawo da shi? Kultida ce. Ita ce ta buga wa wani mai gabatar da labarin wasanni a talabijin ɗin Los Angeles waya ta ce ya zo ya ga ɗanta, daga nan hanyar shirin Mike Douglas ta buɗe. Da filin golf na sojan ruwa, inda Earl ke da izinin shiga, ya kawo dokar cewa yaron ya yi ƙanƙanta, ita ta ɗauke shi zuwa wani ƙaramin fili mai suna Heartwell a Long Beach, can suka haɗu da Rudy Duran.

Tiger ya ba da labarin Heartwell da kansa. Takan sauke shi ta ba shi santi 75, ya sayi ɗan abin taɓawa, ragowar ya jefa a wayar kan titi ya kira ta idan ya gama. Sai yaro ya gano zai iya juya canjin nan: ya riƙa gasar gangara ƙwallo cikin rami da wasu a kan kwabbai. Uban ya ga aljihu na ƙara, ya hana shi wasa a kan kwabbai. Mako na zagayowa ya dawo da takardun dala. Da aka tuhume shi ya ce ai kwabbai aka hana.

Ita ce kuma mai bulala a gidan. Tiger ya sha faɗa cewa da ubansa ana iya ciniki, tsohon soja ne amma mai taushi, ita kuwa idan ta ce a'a magana ta ƙare. Dokarta ɗaya ce: ba a taɓa sanda sai an gama aikin makaranta. Kuma kada a ɗauka ita ce mai lallashi a fagen gasa. Ita ta koya masa cewa idan ka samu abokin hamayya a ƙasa ka taka maƙogwaronsa, gaisuwa da ladabi sai bayan an tashi. Rashin tausayin nan da 'yan wasa suka yi shekaru suna tsoro a wurin Tiger, mutane suka riƙa jingina shi ga koren hular uba, alhali shi da kansa yana cewa daga uwa ya sha shi.

A Yunin 2024, da hukumar golf ta Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta Bob Jones a Pinehurst, ita ya sa gaba a jawabinsa. Ya ce ba a ba ta haƙƙinta, kowa na zaton uban ne kaɗai, alhali ita ce ke nan tun farko, dare da rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana. Karin ya ɗan yi wa Earl tsauri, amma bai yi nisa da gaskiya ba.

Jar rigar da yake sawa ranar Lahadi fa?

Daga wurinta ne. Ta yi imani cewa bisa tauraron watan haihuwarsa, ja ne launin ƙarfinsa. Ya ce ya taɓa sa shuɗiya don ya ƙure ta, wasa ya ƙi, ya koma ja. Ranar Lahadi ake kammala manyan gasa, don haka jar riga da baƙin wando suka zama tambarinsa. Da ya rabu da Nike a farkon 2024 bayan shekara 27, kamfanin tufafin da ya buɗe Sun Day Red ya kira shi, wato jan ranar Lahadi. Haka kan damisan nan na yadi da yake rufe babbar sandarsa da shi, ita ke ba shi, da ɗinkin rubutun Tailanci mai cewa ƙauna daga uwa.

Masu kuɗi ne? Ina suka samo abin kashewa?

Ba matalauta ba ne, ba kuma masu hali ba. Gida ne na fansho da albashi, ɗan madaidaici a unguwar ma'aikata. Golf kuwa, a Amurka ma, wasa ne mai cin kuɗi: sanduna, koci, kuɗin shiga gasa, jirgi, otal. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muddin gasar cikin Kalifoniya ce mota ta wadatar. Matsala ta taso da ya kai shekara 14 da rabi, lokacin da ya kamata ya shiga zagayen gasar matasa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ƙungiyar AJGA ke shiryawa. Kuɗin ba su kai ba. Da ma akwai bashin banki a kan gidan, sai suka sake jinginar da shi karo na biyu. Uban ya bi shi tafiye-tafiye, uwar ta zauna tana riƙe gida.

Ranar da aka shigar da shi zauren gwarazan golf na duniya a Maris ɗin 2022, a daidai wannan wuri muryarsa ta karye. Ya tsaya, ya kalli mahaifiyarsa da ke zaune a gaba, da kyar ya ci gaba. Ya ce da ya zama ƙwararre ya sa hannu da kamfanonin kayan wasa Nike da Titleist, abu na farko da ya yi shi ne biyan wannan bashi. Kwangilolin nan na 1996 an ba da rahoton sun kai dala miliyan 40 da miliyan 20.

Akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Kamfanin IMG mai wakiltar 'yan wasa ya ɗauki Earl a matsayin mai farautar matasa masu hazaƙa yana biyansa, tun Tiger bai zama ƙwararre ba. Kowa ya san wane matashi ake farauta. Dabarar ta ba gidan kuɗin tafiya ba tare da an karya dokar da ta hana ɗan wasan sa-kai, wato wanda bai zama ƙwararre ba, karɓar kuɗi ba, kuma da lokaci ya yi IMG ɗin ce ta samu Tiger.

Sun fuskanci wariyar launin fata?

Ƙwarai. Da suka tare a Cypress su kaɗai ne ba farare ba a layinsu, kuma an yi ta jifan gidan. Ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka sai a 1961 ta cire dokar da ta ce farar fata kaɗai ke zama mamba. Baƙar fata na farko da ya buga Masters, babbar gasar da ake yi duk shekara a Augusta, wato Lee Elder, a 1975 ya buga, shekarar da aka haifi Tiger. Kulob ɗin Augusta kansa bai karɓi baƙin mamba ba sai 1990. Tiger ya ce a wasu filayen ana hana shi shiga ginin kulob inda sauran yara ke shiga, sai ya ɗaura takalminsa a wurin ajiye motoci, ya yi tambaya biyu kawai: ina ake farawa, kuma nawa ne mafi ƙarancin bugun da aka taɓa yi a nan.

A 1997 ya jawo surutu da ya ce shi ba baƙi zalla ba ne, ya haɗa jinin farare, baƙaƙe, 'yan asalin Amurka da Asiya. Baƙaƙen Amurka da yawa sun ji haushi. Hujjarsa ita ce idan ya zaɓi gefe ɗaya ya musanta uwarsa. A Tailan kuwa ɗan gida suka ɗauke shi. Ya je ya ci gasa a can a 1997, 1998 da 2000.

Ya yi karatu kuwa?

Ya yi, dokar uwa ta yi aiki. Yana yaro yana da in'ina, ya yi shekara biyu yana zuwa ajin gyaran magana, ya ce har karensa yakan zauna yana yi wa hira don ya saba. Ya gama sakandare a Anaheim, ya shiga Jami'ar Stanford a 1994 da tallafin karatu na wasanni yana karanta tattalin arziki. Shekara biyu ya yi. A lokacin ya ci gasar matasa ta Amurka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, ya ci ta manyan 'yan sa-kai sau uku a jere daga 1994 zuwa 1996, babu sauran abin da zai ci a wannan mataki. Ya bar makaranta a Agustan 1996.

Me ya sa rungumar 1997 ta taɓa mutane haka?

Saboda saura ƙiris uban bai ga ranar ba. A Fabrairun shekarar aka yi wa Earl babbar tiyatar zuciya, abin ya zo da tangarɗa, likitoci suka ce kada ya yi tafiya. Ya yi kunnen uwar shegu ya tafi Augusta. Daren jajibirin gasar Tiger ya same shi a kwance a masauki, ya gwada gangara ƙwallo a gabansa don bugun kusa da rami ya ƙi masa daɗi. Daga kwancen uban ya ce hannuwanka sun yi ƙasa, ɗaga su. Ranar farko ya fara da rami tara masu muni, bugu 40, sannan ya yi sauran taran da 30. Ya ƙare gasar da bugu 270, ya ba na biyu, Tom Kite, tazarar 12, yana da shekara 21. Ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru irinsa ko tazara irin wannan a Masters ba, kuma shi ne na farko da ba farar fata ba da ya sa koren kwat ɗin da ake ba wanda ya ci gasar. Lee Elder yana wurin a ranar.

Ba a ce Earl ya cika baki ba?

Ya cika. A ƙarshen 1996 ya gaya wa mujallar Sports Illustrated cewa ɗansa zaɓaɓɓe ne, zai yi wa bil'adama tasirin da ya wuce na kowa a tarihi, aka ambato masa Mandela da Gandhi bai ja da baya ba. Yaron a lokacin shekararsa 20, sana'arsa buga ƙaramar ƙwallo cikin rami. Ko wane irin ƙarfin wuya gare shi, wannan kaya ya yi nauyi. Abin kirkin da ya fito daga wannan buri shi ne gidauniyar da uba da ɗa suka kafa a 1996, wadda daga baya ta buɗe cibiyar koyar da yara kimiyya da fasaha a Anaheim.

Yaya zaman auren nasu ya kasance? Yana da 'yan'uwa?

Earl ya yi aure kafin Kultida, yana da 'ya'ya uku, maza biyu da mace. Shi da kansa ya amsa cewa aikin soja ya hana shi zama da su yadda ya kamata, kuma gatan da Tiger ya samu su ba su samu ba. Jikarsa ta wajen babban ɗan, Cheyenne Woods, ita ma a garejin nan ta fara riƙe sanda, ta zama ƙwararriya, ta ci babbar gasar mata a Ostireliya a 2014.

Earl da Kultida kuwa, bayan Tiger ya yi suna sun raba gida, ko da yake ba su kashe auren ba. Shi ya ci gaba da zama a tsohon gidan Cypress, ita ɗanta ya saya mata nata. Marubuta tarihin Tiger da wasu na kusa da gidan sun bayyana cewa Earl mai neman mata ne, kuma yaron ya sani tun yana saurayi, abin yana ƙona masa rai. A bainar jama'a dai, wurin gasa, tare ake ganinsu.

Yaya rasuwar uban ta shafe shi?

Earl ya yi fama da ciwon zuciya, ciwon suga da sankarar prostate (ƙwayar da ke ƙasan mafitsarar maza). A Masters ta 2005 ya zo garin Augusta amma bai iya zuwa fili ba. Tiger ya ci, ya yi hawaye a wurin karɓar kofi yana cewa yana ɗokin ya je ya rungume shi. Ya rasu ranar 3 ga Mayun 2006 yana da shekara 74. Tiger ya yi mako tara bai buga gasa ba. Ya dawo a US Open aka fitar da shi tun a rabin hanya, karo na farko da hakan ta same shi a babbar gasa tun da ya zama ƙwararre. Wata guda bayan haka, a Hoylake kusa da Liverpool a Ingila, ya ci gasar Open. Da ƙwallon ƙarshe ya faɗa rami sai ya rungume mai ɗaukar masa jaka, Steve Williams, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya kasa saki. Mutanen da suka saba ganinsa kamar dutse ba su taɓa ganin haka ba.

An kai Earl garinsu Manhattan ta Kansas aka binne, kuma kabarin ba a sa masa dutsen suna ba.

Ina uwar take lokacin da asirinsa ya tonu?

A layin gaba. A ƙarshen 2009 labarin matan da yake nema a bayan matarsa ya fashe, kamfanoni suka fara janye jiki. Ranar 19 ga Fabrairun 2010 ya tsaya gaban kyamara a Florida ya nemi gafara. Matarsa ba ta zo ba. Kultida na zaune ta harɗe hannuwa, yawanci idonta a ƙasa. A jawabin ya ce ya yi nisa da koyarwar addinin Buddha da ta raine shi a kai, wadda ke cewa bin son zuciya ba ya ƙarewa da daɗi. Da ya gama ya sauko, ita ya fara runguma. Auren ya mutu a Agustan shekarar.

Mutane da yawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna nuni da halin uban. Wataƙila. Amma mutum mai shekara 33 laifinsa nasa ne, shi ma a jawabin bai ɗora wa kowa ba.

Iyaye za su iya kwaikwayon wannan hanya su samu nasu Tiger ɗin?

Dubbai sun gwada a Amurka da Koriya da wasu wurare, ba a sake samun irinsa ba. Wanda aka fi tunawa don muni shi ne mahaifin Sean O'Hair, wanda ya sa ɗansa ya zama ƙwararre yana shekara 17 a 1999, yana sa shi gudun mil guda a kan kowane bugu da ya haura ƙa'ida, har da sa shi sa hannu a takarda cewa zai riƙa ba shi kashi goma cikin ɗari na abin da ya samu. Yaron ya yanke hulɗa da shi, sai bayan nan ya fara cin gasa.

A ɗaya gefen ga iyayen Rory McIlroy na Ireland ta Arewa. Uban aiki uku yake haɗawa, har da wanke banɗakin wani kulob da safe da tsaron mashaya, uwar kuma aikin dare a masana'anta, duk don kuɗin tafiyar ɗansu ɗaya tilo. Ba su yi masa horon soja ba, ba su kira shi zaɓaɓɓe ba, a Afrilun 2025 ya zama mutum na shida da ya haɗa dukkan manyan kofunan golf huɗu. Abin da gidan McIlroy da na Woods suka haɗa shi ne yaron ne ke jan iyayen zuwa fili. Earl da Tiger duk sun ce Tiger ne ke buga wa uban waya a wurin aiki yana roƙon a je atisaye, har uban kan yi jinkirin amsawa da gangan don yaro ya ɗauka alfarma aka yi masa.

Kultida ta ga dawowarsa?

Ta gani. Bayan tiyatar baya har huɗu da shekara 11 babu babban kofi, ranar 14 ga Afrilun 2019 ya sake cin Masters, kofinsa na 15 a manyan gasa. A bayan rami na 18, daidai inda ya rungumi Earl shekara 22 da suka wuce, ɗansa Charlie ne ya rugo ya faɗa jikinsa, sannan Kultida, sannan Sam. Charlie ya ci sunan Charlie Sifford, baƙar fatan da ya fara karya shingen ƙungiyar ƙwararru, wanda Tiger ke kira kaka. Tun 2020 uba da ɗa suka fara buga gasar iyali ta PNC tare, kowa da jar riga ranar Lahadi.

Ta rasu ranar 4 ga Fabrairun 2025, kimanin mako guda bayan an gan ta a cikin 'yan kallo tana kallon wasansa a Florida. Tiger ya so ya buga gasar Genesis da shi ke karɓar baƙuncinta a mako na gaba, daga baya ya janye ya ce bai shirya ba. 'Yan wasan da suka buga gasar a filin Torrey Pines sun maƙala ɗan jan tambari a hulunansu, shi kuma ya zo ranar Lahadi ya miƙa kofi.